Dakan da Ba Waƙa

Ga wata nan gare ku!

Ta iso mu ji ta.

A da can, zamanin da lugude ke tashin unguwa, Zabuwa mai fura tana sayen garin gero da araha wurin Kura. Rannan ta bi ta bayan gidan, ta ji ana daka ba waƙa. Ta tuna gidan uwarta, inda ba a ɗaga taɓarya shiru.

"Kura, masu dakanki ba sa waƙa ne?"

"Mura suke yi."

Zabuwa ta leƙa, sai ga zomaye da aka kwaso daga nesa da alkawarin aiki, an ɗaure ƙafafunsu jikin turmi. Ta kwarma ihu, 'yan kasuwa suka zo suka kwance su.

Ta juye garin a ƙofar Kura. "Daga yau sai na ji waƙa zan saya."

Ƙurunƙus, nan kan kusu ya tsaya.