Yadda Ƙaton Kifin Teku Ya Zama Dodo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo, muna ji.

Kura da Dila suna cikin kwalekwale a teku, suka sauka kan wani tsibiri. Kura sarkin ci ta hura wuta za ta gasa nama. Ashe bayan ƙaton kifi ne, yana barci.

Kifi ya ce, "Wayyo! Wa ke ƙona ni?" Ya nutse, nama ya bi ruwa. Da ƙyar suka kai gaɓa.

Dila ya ce, "Kura, mu fa muka ƙona shi."

Ta ce, "Namana ya tafi, don haka dodo ne!" Ta bi gari tana shela.

Har yau bawan Allah na yawo da tabon wuta, ana gudunsa.

Ƙurunƙus, ga kan ɓeranku!