Mahaucin da Ya Dafa Ƙasa

An yi wani mahauci a wani gari na bakin kogi, mutum mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Da damina yana noma, ranar kasuwa yana fawa, in kuma kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, sai ya shiga dambe kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Tun da ya fara shiga fili ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Mutanen garin suna ji da shi ƙwarai, har waɗanda ko akuya ba za su iya kayarwa ba, in sun je kasuwar wani gari sai ka ji suna bugun ƙirji suna cewa su ba a kai su ƙasa.

Na san akwai 'yan birni a cikinmu da ba su taɓa ganin dambe ba, to bari in faɗa muku yadda abin yake. Ana naɗe wa ɗan dambe hannu ɗaya da tsumma da zare har ya yi tauri kamar taɓarya. Da shi yake duka, da ɗayan kuma yake karewa. Ana yi ana hutawa, kowane zagaye ana ce masa turmi. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ci shi ke nan. Amma 'yan dambe ba sa cewa an ci mutum, sai su ce an kashe shi. Sunan faɗuwar ke nan a wurinsu, kisa. Mutum zai tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya je gida ya cinye tuwonsa tas, amma a bakin gari an kashe shi.

Garin nan kuwa suna da wata al'ada. Sauran dambe in an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a raba su kowa ya tafi da mutuncinsa. Amma damben rufe kaka ba a raba shi. Ana yi ne sai an yi kisa.

A wata shekara mutanen ƙetaren kogi suka zo damben rufe kaka da gwarzonsu. Baƙon nan dogo ne, magidanci, shi ma ba a taɓa kai shi ƙasa ba, kuma garinsu gaba ɗaya sun biyo shi a kwalekwale, maza da mata. Aka taru da la'asar a masussuka, filin da ake sussukar hatsi, inda ƙasa ta daɓu ta yi tauri. Masu kalangu suka kama kiɗa. Kawun mahaucin, tsohon ɗan dambe ne wanda shi ya koya masa, ya naɗe masa hannu, ya ce masa ya tuna da sunan gidansu.

A turmin farko ba wanda ya sami wani. A na biyu mahaucin ya sami hanya, ya sauke wa baƙon hannu a gefen kai, daidai saman kunne. Ƙarar dukan har bayan fili an ji ta. Baƙon ya yi tangaɗi, ya yi baya, ya sake yin gaba, amma bai taɓa ƙasa ba. Fili ya ɗauki sowa, aka raba su domin hutu.

A wurin hutun ne mahaucin ya ga abin da sauran ba su gani ba, gama su murna suke yi, shi kuwa abokin karawarsa yake kallo. An miƙa wa baƙon ƙwaryar ruwa, sai ya kai hannu gefe, ya kama iska. Ya sake kaiwa, ya sake kuskure, sai da aka sa masa ita a hannu. Wani siririn jini kuma yana gangarowa daga cikin kunnensa. Mahaucin ya gane ciwon ba ƙarami ba ne. Ya tashi ya je wurin dattijon da ke alƙalancin damben, ya ce masa baƙon nan ba lafiya, a dubi lamarinsa. Dattijon ya je ya tambayi baƙon, baƙon ya ce lafiyarsa ƙalau, me aka gani? Mutanen baƙon ma suka taso da faɗa, wai ɗan gari ya ji hannu ne yake neman hanyar gudu. Dattijon ya ce tunda mai jiki ya ce lafiya, shi ba shi da ta cewa. Aka sake buga kalangu.

Da aka shiga turmi na uku, baƙon ya tsaya ya ɗaga hannu, amma fuskarsa ba mahaucin take kallo ba, wajen masu kiɗa take kallo. Mahaucin ya matso ya rungume shi kamar yadda 'yan dambe kan yi in suna neman numfashi, ya kai baki kunnensa ya ce, “Ɗan'uwa, ka durƙusa. Ka ji ciwo.”

Baƙon ya ce, “Ba na ganinka. Duhu nake gani. Amma matata tana nan, garinmu duka suna nan. Ka buga kawai.”

Aka ɓamɓare su. Mahaucin ya ja da baya, hannunsa a sama, ga mutum tsaye a gabansa ba kariya. Jama'a suna ihu, “Kashe shi! Kashe shi!” Ba mugunta ce ta sa su faɗa ba, kalmar wasan ce, tun suna goye suke jin ta. Amma a kunnen mahaucin ran nan kalmar ta koma ma'anarta ta ainihi. Ya san in ya ƙara sauke hannun nan a kan nan, ba kisan da ake tashi a kakkaɓe wando zai yi ba.

Wani zai ce, to me ya hana ya ɗan ture shi kawai ya faɗi? Shi ma ya yi wannan tunanin. Sai dai mutumin da ba ya gani ba ya tare faɗuwa da hannu, ƙeya ce take fara sauka, ƙasar masussuka kuwa ba ta da tausayi. Tsayawa ana kewaye-kewaye ma ba ta da amfani, tunda ba za a tashi ba sai wani ya taɓa ƙasa, jinin kuma bai daina zuba ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage, shi kuma ya san abin da za ta ci masa.

Sai ya sauke hannu, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa da naɗaɗɗen hannun nan, a gaban kowa, ba tare da an taɓa shi ba.

Kalangu ya tsaya. Dattijon ya yi ta dubansa, daga baya ya ce kisa ne, don ba shi da wani sunan da zai ba abin. Mutanen ƙetare suka ruga suka ɗaga gwarzonsu sama suna guɗa. Ba su yi nisa ba sai kansa ya langaɓe, jikinsa ya saki a hannunsu. Nan guɗa ta koma salati da kuka. Aka sauke shi, aka nemo mota, aka nufi asibitin birni da shi.

Kuna tsammani mutanen garin sun gane? Ina fa. Suka ce ai ga shi nan, baƙon dama saura ƙiris ya faɗi, da ɗansu ya ƙara haƙuri kaɗan da sun ci. Kawunsa ya warware masa zare, ya jefar da tsumman ya tafi. Ranar kasuwa da ya kasa nama, sai majalisa ta sami abin yi. Wannan ya wuce ya ce ashe gawa ma tana fawa. Wancan ya tsaya ya tambaya ko an yi sadakar uku. Masu kalangun da dā in ya gifta sai sun buga takensa, yanzu in ya zo wucewa sai su shiga gyaran tsarkiyar kalangunsu.

Duk wannan ya yi masa zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba shi ne ya hana shi cin abinci ba. Abin da ke cinsa shi ne bai san ko mutumin nan yana da rai ba. Hannunsa ne ya yi ɓarnar, kuma yana tsoron ko ya makara wajen durƙusawa. Duk wanda ya zo daga ƙetare sai ya tare shi da tambaya. Wani ya ce ya ji har yanzu bai farfaɗo ba, wani ya ce ya ji an yi masa aiki a kai, wani kuma ya ce shi dai bai ji an yi makoki ba. Matarsa takan ajiye masa tuwo, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Addu'arsa guda ce safe da yamma, kada Allah ya bar jinin mutumin nan a hannunsa.

Aka yi makonni haka. Wata ranar kasuwa da hantsi yana sunkuye yana sara ƙashi, sai ya ji an yi sallama a kansa. Ya ɗaga kai. Wani dogon mutum ne ramamme, an aske masa kai, ga tabon ɗinki a saman kunne, wata mace tana riƙe da gefen rigarsa. Mahaucin bai gane shi ba sai da ya yi magana.

“Ɗan'uwa, yau ina ganinka,” in ji baƙon.

Wuƙa ta suɓuce daga hannun mahaucin. Ya zauna a kan kututturen da yake sara nama, ya rufe fuska, sai hawaye. Ƙato guda yana kuka a tsakiyar kasuwa, bai ma damu da masu kallo ba. Bakinsa ba abin da yake fitarwa sai, “Na gode wa Allah, na gode wa Allah.” Nauyin da ya danne masa ƙirji tun ranar damben ya sauka gaba ɗaya, har ya ji kamar yau ya fara numfashi.

Matar baƙon ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta ce likitan da ya yi aikin ya faɗa musu jini ne ya taru a cikin kai, da an ƙara masa duka ɗaya ko an ƙara jinkiri, da ba asibiti za a kai shi ba. Ta ce 'ya'yansu suna gida suna jiran ubansu ya koma, shi ya sa ta ce ba za ta zauna ba sai ta zo ta ga fuskar mutumin da ya bar musu shi. Baƙon ya juya ga mutanen da suka taru, ya faɗa musu abin da aka raɗa masa a kunne ran nan da amsar da ya bayar. Ya ce shi aka ɗaga sama, amma ya san wanda ya fi ƙarfi a filin.

Kawun yana cikin taron. Ya matso ya ɗauki wuƙar da ta faɗi, ya yanko hanta mai kyau ya ƙunshe wa matar, ya ce ta dafa wa maigidanta ya mai da jini. Sa'an nan ya dubi ɗan 'yar'uwarsa ya ce, “Tashi ka share fuska, ɗana. Ka yi daidai.” Ran nan mahaucin ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ba kowa ne ya sake ra'ayi ba, akwai waɗanda har suka tsufa suna cewa ya zubar musu da suna. Shi dai barcinsa yake yi lafiya.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Ana tambaya ko ya halatta ɗan dambe ya bar faɗa a tsakiya. Ba kowace bari ce mai kyau ba. Wanda ya bar gaskiya don tsoro, ko ya bar bin Ubangiji don an yi masa ba'a, wannan gudu ya yi. Amma akwai faɗan da cinsa asara ce, kuma mu ma muna da irinsa ko da ba mu taɓa naɗe hannu ba. Wa da ƙane suna shari'a a kan iyakar gona har 'ya'yansu ba sa gaisawa. Miji da mata kowa ya rantse ba shi zai fara magana ba. Har a cikin ikilisiya za ka ga dattawa biyu a benci ɗaya suna raira waƙa ɗaya, amma dambe suke yi. Kullum kuma akwai 'yan kallo masu zuga, suna cewa kada ka yarda, za a raina ka. Su ba abin da zai same su, in an tashi gida za su tafi.

Baƙon nan kuwa, mu ne. Sau nawa muka ji ciwo, duhu ya rufe mu, aka tambaye mu muka ce lafiya ƙalau, don kawai mutane suna kallo? Da an bar mu da girman kanmu da mun hallaka a tsaye. Amma Ubangijinmu Yesu, wanda yake da iko ya gama da mu, shi ne ya sauka ƙasa, ya karɓi kunya da ba'a, ya karɓi kisa na gaske a kan gicciye domin mu mu koma gida da rai. In shi bai ji kunyar sauka dominmu ba, ban ga dalilin da zai sa gwiwarmu ta yi mana tauri ba.

Saboda haka wannan mako, in kana da wanda kuke ja da shi, ko da kai ne mai gaskiya, ko da nasara tana hannunka, kafin ka ƙara kai duka ka tsaya ka dubi idonsa. Mai yiwuwa tuni ƙarfinsa ya ƙare, kunya ce kaɗai take riƙe da shi a tsaye, yana jiran wani ya fara durƙusawa. Kai ka fara.