Kiran Baba Magaji Daga Ƙasan Rijiya

Ina fara roƙon afuwar masu karatu, domin sai da furfura ta fito mini kafin na riƙe alƙalami. Duk inda kuka ga kuskure, ku taimaka ku gyara mini. Wannan labari a bakin wani dattijo na ji shi.

A wani gari akwai tsohon ɗan wasan kwaikwayo, Baba Magaji, wanda shi kaɗai ya rage a ƙungiyarsu. Suna da wani wasa da ya yi suna a dandali, na mahaƙin rijiya da ƙasa ta rufta wa. A zamaninsu, tabarma ake naɗewa a tsaye a ce ita ce rijiyar. Abokai uku, Mudi da Nafi'u da Kubura, suka nemi izininsa su mai da wasan fim. Mudi mai ba da umarni ya ce matasan yanzu ba za su ji tsoron tabarma ba, sai rijiya ta gaske. Aka sami wata ƙafaffiya a bayan gari, aka zura tsohon da igiya.

A cikin wasan, mahaƙin yakan yi ta neman ceto har muryarsa ta dushe. Baba Magaji ya yi ta kira, jama'a suna yaba gwanintarsa. Ba wanda ya san iskar ƙasan rijiyar gurɓatacciya ce, kuma ransa ne yake fita da gaske.

Nafi'u mai ɗaukar sauti ya ji wani kakari a na'urar kunnensa. Ya ce, "Ku tsaya. Wannan numfashin ba na wasa ba ne." Aka hau shi da faɗa, wai zai ɓata wuri mafi kyau a fim ɗin. Ya je ya tsaya a gaban kyamara, ya ƙi gusawa. Da aka kira sunan tsohon, sai aka ji shiru.

Kowa ya ja da baya, ban da Mudi. Ya sa aka zura shi da wata igiyar, ya tarar tsohon ya sulale daga tasa, wadda ta maƙale a jikin dutse. Sai ya kwance igiyar ƙugunsa ya ɗaura wa tsohon, aka ja shi sama, shi kuwa Mudi ya zauna cikin wannan iskar yana jira. Da aka sake zuro igiyar ya ɗaura ta da ƙyar, amma a some aka fito da shi.

Baba Magaji kuwa har an lulluɓe shi da zane, ana salati. Kubura mai kula da tufafin 'yan wasa ta taɓa koyon taimakon gaggawa. Ta yaye zanen, ta yi ta danna ƙirjinsa, dattawa suna cewa ta bar gawa ta huta. Ba ta daina ba sai da ya yi tari.

Da ya sami sauƙi ya tara su ukun. Ya ce wasan amanar abokansa ce da suka rasu, kuma yana tsoron ya mutu ba magaji. Mutum ɗaya zai bar wa, domin jayayya kan mallaka ce ta taɓa raba ƙungiyarsu. Ya dube su ya ce, "'Ya'yana, na kasa zaɓa."

To jama'a, da wanda ya ji, da wanda ya shiga, da wadda ta ƙi yarda ya mutu, wa ya kamata a danƙa wa wasan?