Sharhi Tamanin da Waisale Ya Goge

Akwai wani mutum a tsibirin Kadavu na ƙasar Fiji mai suna Waisale. Shi ke kula da zauren sada zumunta na ƙauyensu a intanet, mutum dubu da ɗoriya, na gida da na ƙetare. Tun da aka ba shi wannan aiki kansa ya kumbura. Da zarar gardama ta yi zafi, ba ya tsayawa karantawa, sai dai ya goge duka ya rubuta: "A kiyaye harshe."

Ranar bikin buɗe sabon coci, da sassafe, taubashiyarsa Salanieta, ma'aikaciyar jinya a asibitin gaɓa, ta yi rubutu a zauren:

"Jama'a, an kawo mana mutum uku leɓɓansu sun mace, ruwan sanyi na ƙona musu hannu. Duk manyan kifin gabas suka ci. Kada kowa ya ci kifin can yau."

To ai kuwa daga gabas ɗin dangin Waisale, mutanen gidan dagaci, suka kamo kifin biki. Nan take zaure ya kama da wuta. Wani ya ce hassada ce, wata ta ce ana so a kunyata gidan dagaci gaban baƙi. Kafin hantsi sharhi ya kai tamanin.

Waisale ya karanta biyar na farko, ya yi tsaki. Tun suna yara shi da Salanieta ba sa haɗuwa ba ta yi masa ba'a ba, haka taubasai suke. Bara ma cewa ta yi kifinsa kyanwa ce kawai za ta ci. Ya goge komai.

Wayarsa ta yi ƙara. Salanieta ce.

"Waisale, ina rubutuna?"

"Likita bokan Turai! Yau kuma kifinmu kika sa a gaba?"

"Ba wasa nake ba, kai! Ka karanta har ƙarshe kuwa?"

"Na karanta abin da ya ishe ni. Ki zo ki ci biki, na ajiye miki ƙaya."

Ya kashe wayar yana dariya, ya jefa ta aljihu, ya tafi tono abinci daga ramin gashi.

Da azahar aka shimfiɗa tabarmi, aka jera gwaza da rogo da kifi cikin madarar kwakwa. A al'adarsu, kan kifi mafi girma na dattijon wurin ne. Mahaifiyar Waisale, Unaisi, wadda suke kira Nana, ta fi kowa shekaru a ƙauyen. Shi da kansa ya durƙusa ya miƙa mata, yana ji da kansa. Tsohuwa ta tsotse shi tas, har idanu.

La'asar ba ta yi ba ta kira shi.

"Waisale, zo ka taɓa ruwan nan. Wa ya dafa shi?"

Ya taɓa kofin. Sanyi ƙalau.

"Nana, bakinki fa?"

"Kamar ba nawa ba."

Ya sungume ta sai kwalekwale. Tafiyar minti arba'in ce zuwa asibiti, amma ji ya yi kamar ba za ta ƙare ba. Tsohuwa na ta amai, jikinta na saki, shi kuwa yana riƙe da injin yana kiran sunanta kada ta rufe ido.

Salanieta na tsaye a gaɓa. Ta karɓi tsohuwar ta yi mata ƙarin ruwa har numfashinta ya daidaita. Sannan ta fito ta miƙa masa wayarta. Ashe ta ɗauki hoton sharhinta kafin ya goge. Shi ne na arba'in da ɗaya:

"Waisale, gubar ta fi taruwa a kai. Na san Nana za ku ba. Don Allah ka hana."

Ya karanta sau uku. Ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Unaisi ta rayu. Amma wata huɗu ɗanta ne ke ɗumama mata ruwan sha, don na sanyi ƙona ta yake yi.

Darasi: In an ba ka ikon goge maganar mutane, ka fara karanta ta har ƙarshe. A cikin hayaniyar da ta dame ka akwai wanda ke ƙoƙarin ceton naka. Ku tura wa duk mai riƙe da zaure da kuka sani.