Gunkin da Aka Sare a Tsakiyar Teku

Ga wata nan ta zo muku daga nesa. Ku gyara zama ku karɓe ta, domin idan na kai ƙarshenta aiki zai koma kanku.

A can cikin tekun Pasifik, inda mutum kan yi kwanaki yana tafiya bai ga tudu ba, an yi wani ɗan tsibiri da mutanensa ke kira Fenuriki. Ba shi da kogi, ba shi da tsauni. Abincin mutanensa kifi ne da kwakwa da gwaza, kuma gwazar a cikin wasu manyan ramuka suke shuka ta a tsakiyar tsibirin, inda ruwan daɗi ke kwanciya. Wata shekara teku ta yi ambaliya, ta ratsa tsibirin daga wannan gaɓa zuwa waccan, ta cika ramukan da ruwan gishiri. Gwaza ta ruɓe har iri. Daga baya ruwan sama ya wanke ramukan, amma babu abin da za a shuka a cikinsu. Yara suka fara ramewa, aka binne tsofaffi huɗu a wata guda. Wuri mafi kusa da za a samo irin gwaza shi ne tsibirin Oroma, tafiyar kwana takwas, kuma babban jirgi ɗaya tak ambaliyar ta bar musu.

Jirgin dogon kwalekwale ne. Tabarma ake kafa masa ta kama iska, sannan akwai wani gungume da ke tafiya a kan ruwa a gefensa, an haɗa su da sanduna biyu masu kauri. Gungumen nan ne ke hana jirgin kifewa. Idan sandunan suka karye a tsakiyar teku, zance ya ƙare.

Mutanen Fenuriki suna da abin bauta mai suna Rakei, gunki ne na baƙin itace mai tauri, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, idanunsa na katantanwar teku. Jirgi ba ya doguwar tafiya sai da shi, a ɗaure a mazauninsa a ƙasan jirgi, daidai tsakiya. Dokokinsa uku ne. Mace ba ta taɓa shi. Ba a ɗora masa kaifi. Kowace safiya ana wanke masa fuska da ruwan daɗi daga goransa, kuma ruwan nan nasa ne shi kaɗai. Wanda ya karya ɗaya daga cikinsu, a ƙaramin kwalekwale ake sa shi, babu abin tuƙi, a tura shi bayan duwatsun gaɓa idan ruwa ya fara janyewa.

Mutum huɗu aka tura. Akwai tsoho Tuiono, masanin hanyar teku. Akwai Tamoa masassaƙi, wanda kakansa ne ya sassaƙa Rakei. Akwai Kaitu, wanda zai kula da Rakei a hanya, ɗan mai ɗakin gunki, wato tsohon da ke tsaron gunkin a tudu. Ta huɗu ita ce Sinalei, 'yar ƙanen Tuiono. An yi gunaguni a kan shigarta, amma renon irin gwaza aikin mata ne, kuma babu namijin da ya yarda a ce ya iya.

Suka isa Oroma lafiya. Mutanen can suka cika musu kwanduna shida da iri, aka naɗe shi da ɗanyen ganye, suka juyo. A rana ta uku guguwa ta same su da tsakar rana. Wata taguwar ruwa ta hau jirgin, ta ɗauke Tuiono daga inda yake riƙe da abin tuƙi, ba su ƙara ganinsa ba. Da iska ta lafa, gajimare ya rufe sama ruf, babu rana, babu alamar gabas ko yamma. Kwana biyu suna yawo a haka.

Sanin hanyar teku a Fenuriki gadon maza ne, uba ke ba ɗansa a rumfar jirage, inda mace ba ta shiga. Amma bangon rumfar na tabarma ne, kuma a bayansa Sinalei ta yi shekara goma sha biyu tana saƙa, yayin da mahaifinta da baffanta Tuiono ke koya wa yayanta, wanda ya rasu kafin ya taɓa jan jirgi. Ta san cewa akwai wata doguwar taguwa da ke tahowa daga kudu, wadda guguwa kan rufe amma ba ta kashe ta. Ido ba ya ganinta. Sai mutum ya kwanta rigingine a ƙasan jirgi, daidai tsakiya, ya ji ta da ƙashin bayansa. A daidai wurin kuwa Rakei yake zaune.

Ta ce, "Kaitu, ɗaga ubangidanka daga nan, zan kwanta."

Kaitu ya ce, "Ke, rana ta taɓa miki kai? Ko ni ban isa in motsa shi ba sai a tudu."

"Wace ranar? Nuna mini ita mu huta. Ko kuwa ka tambaye shi ina kudu. In ya amsa, na koma wurin gwazata."

Tamoa ya kau da kai. Sinalei ta durƙusa ta kwance igiyoyin da hannunta, ta rungumi gunkin ta jingine shi gefe, ta kwanta a mazauninsa ta rufe ido. Tun hantsi take kwance har la'asar, sannan ta ɗaga hannu ba tare da ta buɗe ido ba, ta ce, "Can. Ku juya hancin jirgin can, ku bar taguwar tana dukanmu a kafaɗar hagu." Suka juya. Ba don ita ba, da sun wuce Fenuriki ba su sani ba, kuma bayan Fenuriki babu ƙasa sai ruwa.

Washegari sandar gaba ta yi ƙara. Ashe guguwar ta tsaga ta ta ciki. Gungumen gefe ya fara lilo, jirgin yana karkata, ruwa yana shigowa. Tamoa ya rarrafa kan sandar ya shafa tsagar, ya dawo ya dudduba jirgin daga gaba har baya. Abin tuƙi ba a taɓa shi, sandar tabarma ba a taɓa ta, katakon zama kuwa laushi gare shi. Idonsa ya tsaya a kan Rakei.

Kaitu ya tashi ya tare. "Kawu, kada ma ka fara."

Tamoa ya ce, "Na san itacen nan fiye da yadda na san matata. Shekara talatin ina shafa masa mai. Babu wani abu a jirgin nan da zai riƙe sandar can sai shi."

"Kakanka ne ya fitar masa da fuska."

"Shi ya sa ba zan bar wani ya yi ba. Ka zaɓa masa, ɗan gidan gunki. Ya rasa jiki, ko ya nutse da mu da kwandunan nan baki ɗaya."

Sandar ta sake yin ƙara. Tamoa ya ture Kaitu da kafaɗa, ya ɗauki gizagonsa na dutse. Ya fara da wuya, ya cire kan a hankali yadda fuskar ba ta ji ciwo ba, ya miƙa wa Kaitu. Sannan ya tsaga gangar jikin gida biyu. Ya shiga ruwa har ƙirji, taguwa tana maka shi da jikin jirgi, ya ɗora ɓari ɗaya a saman tsagar, ɗaya a ƙasa, ya ɗaure da igiyar zaren kwakwa kamar yadda maɗori ke ɗaure karaya. Gungumen ya matse masa hannun dama sau biyu, ya fito da yatsu uku a murƙushe. Sandar ta riƙe. Ba don shi ba, da hanyar da Sinalei ta gano ba ta amfani kowa ba.

Daga nan iska ta ɗauke gaba ɗaya. Tabarma ta saki jiki, jirgin ya tsaya a kan ruwa mai sheƙi, gajimare ya yaye, rana ta fito da zafinta. Kwakwarsu ta ƙare, ruwan shansu ya ƙare. Sinalei ta buɗe kwandunan ta tarar ganyen ya bushe, gishirin teku ya yi fari a kan irin, kawunansa sun fara yin laushi. Ta ce in aka ƙara kwana biyu a haka, itace za su kai gida. Ruwan daɗi ɗaya ya rage a jirgin, wanda ke cikin goran Rakei, kuma har ranar Kaitu bai fasa ɗiga wa kan gunkin rabonsa kowace safiya ba.

Babu wanda ya roƙe shi. Shi ne ya yi maganar da kansa, muryarsa a dashe. Ya ce, "Ku biyun nan doka ta riga ta gama da ku. Ni kaɗai ne nake da gidan da zan koma. Matata na da ciki wata bakwai."

Tamoa ya ce, "Mun sani. Riƙe ruwanka."

Kaitu ya zauna da goran a cinyarsa har inuwar sandar tabarma ta koma ɗaya gefen. Tun yana yaro aka koya masa cewa numfashin tsibirin yana cikin wannan fuska, kuma bai daina gaskata haka ba. Da gaskatawar tasa ya cire murfin. Ya zuba a tafin hannu ya yayyafa wa kwando na farko, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kwana huɗu yana yi, safe da yamma. Yakan jiƙa wa Sinalei da Tamoa leɓe don su iya aiki, shi kuwa ko ɗigo bai kai bakinsa ba, sai ɗanyen kifi yake tsotsa. Ranar da iska ta dawo ba ya iya miƙewa. Ba don shi ba, da jirgin ya iso gida da matattun kwanduna shida.

Da hantsi suka shigo Fenuriki. Mutane suka cika gaɓa da guɗa, amma da jirgin ya matso guɗar ta yanke, domin kowa ya ga hannuwan Rakei da zanen ƙirjinsa a ɗaure a jikin sanda. Al'adarsu ce mai ɗakin gunki ya yi wa matafiya tambaya tun ƙafafunsu na cikin ruwa, kuma a nan ba a ƙarya. Tsohon ya tako a hankali.

"Wa ya tashe shi daga mazauninsa?"

Sinalei ta ce, "Ni ce, Baba."

"Wa ya ɗora masa kaifi?"

Tamoa ya ɗaga hannunsa da ya kumbura.

Tsohon ya karɓi goran ya girgiza, bai ji komai ba. Ya dubi ɗansa, wanda mutum biyu ke tallafe da shi. Kaitu ya ce, "Ni ne, Baba. Babu wanda ya sa ni."

Kafin a gama tambayoyin an riga an kwashe kwandunan a guje zuwa ramuka. Babu wanda ya ce irin ya ƙazantu. Mai ɗakin gunki ya faɗi hukuncin a gaban sarkin tsibirin, bai cire sunan ɗansa ba, aka jawo ƙananan kwalekwale uku aka jera a kan yashi.

Sinalei ta juya ga sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, idan laifi muka yi, laifin yana cikin kwandunan can. A dawo da su a tura mu tare." Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan doka su ne suka fi kallon ƙasa, domin 'ya'yansu na cikin masu jiran gwazar.

Hanya ɗaya ta rage. Sarkin Fenuriki yana da wata lallausar tabarma da yake ɗaurawa a ƙugu, kuma duk mai laifin da ya lulluɓa da ita, doka ta sake shi har abada. Amma mutum ɗaya take rufewa a laifi ɗaya, su ukun nan kuwa an ɗauki nasu laifi ɗaya ne a kan gunki ɗaya. Kada ku ce mini a lulluɓe su duka. Wata tsohuwa ta faɗi haka a gaɓar nan da ƙarfi, jama'a suka ƙi, saboda tsoron kada teku ta sake hawowa.

Sarki ya kwance tabarmar ya riƙe a hannu. Ga Sinalei, wadda ta fara karya doka lokacin da maza biyu suka rasa abin yi, kuma yanzu babu wani mai rai da ya san hanyar teku sai ita. Ga Tamoa, wanda ya sare aikin kakansa ya bayar da yatsunsa, kuma idan ya tafi babu mai sassaƙa wa Rakei sabon jiki ko ya nuna yadda ake gina jirgi. Ga Kaitu, wanda hannunsa tsarkakakke ne har kwanaki huɗun ƙarshe, ya ga ƙofar tsira a buɗe ya rufe ta da kansa, matarsa tana tsaye a bayan taron da cikinta. Ruwa ya fara janyewa daga gaɓa, masu turawa sun riga sun kama kwalekwalen.

To, ku da kuka ji, wa sarki zai lulluɓa da tabarmar nan?