Mutumin da Ya Ba Faya-fayai Ɗakin Uwarsa

An yi wani mutum a nan Coburg, mai gyaran wutar lantarki. Ba zan kama sunansa ba, don wasunku sun sha gahawa da shi. Ba ya shan giya, ba ya caca. Abu guda ne ya ci ransa: tara tsofaffin finafinan Italiya marasa launi, waɗanda aka yi bayan yaƙin duniya na biyu, masu nuna yunwa da rusassun gidaje.

Ya fara da kaset, ya koma faifai. Fim ɗaya sai ya mallake shi sau biyar: bugun Roma, bugun Japan, wanda aka gyara wa hoto, wanda aka ƙara wa minti uku. In ya kunna, sai ka ga hawaye na bin gemunsa don tausayin talakawan ciki.

Uwarsa Assunta kuwa, wadda ta sha wannan yunwar a Kalabriya ta ƙasar Italiya kafin jirgin ruwa ya kawo ta wannan ƙasa ta masu Turanci, tana ɗakin baya. Ɗaki ne mai sanyi, rana ba ta shigarsa. Sai ya lura irin ɗakin da faya-fayai suke so ke nan.

Ya kai ta gidan tsofaffi, ya kafa kantocin jera faya-fayai a ɗakinta.

Ƙanwarsa Nunzia ta ce, "Yaya, ba ka jin kunya? Robobi ka ba gadon Mama?"

Ya ce, "Can an fi kula da ita. Ko kin fi likita sani ne?"

Ya 'yan uwa, wace kula? Tsufa ya ɗauke mata Turanci, sai yaren ƙauyensu. Ta nemi ruwa, a kawo mata bargo.

Wata Asabar Nunzia ta kira shi ta ce, "Mama ta daina cin abinci, sunanka take kira." Yana hanyar garin Ballarat, inda ake sayar da wani faifai da ya yi shekara tara yana nema. Ya ce, "Da la'asar zan biyo."

Ya biyo da la'asar. An riga an rufe mata fuska.

Bayan jana'iza, Nunzia ta ga faifan a kujerar motarsa. Ta daɗe tana kallon bangonsa, sannan ta ce, "A ƙauyen Mama aka ɗauki wannan. Tana cikin yaran da ke layin burodi. Ta gaya mini a gidan can, ta ce in ka zo ka nuna mata. Wata goma sha ɗaya ba ka zo ba."

Ya kunna. Yara mata sun fi talatin, duk ba takalmi, duk a rame. Wacce ce uwarsa? Mai sani ɗaya ce, ta kuma tafi.

Ya bar aiki. Matarsa ta gaji ta koma wajen danginta. Har yau yana zaune, yana tsayar da hoto, yana bin fuskoki da yatsa.

Ya 'yan uwa, hawayen da bai tashe ka tsaye ba, ba tausayi ba ne, jin daɗi ne kawai. Wa ke jiranka yau? Tashi ka je, kada ka ce sai la'asar.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ke kukan baƙo ta manta da uwa. Amin.