Tabawa da Maganin Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce wai ita Tabawa, gwanar ɗinkin hula. Da ta yi suna sai ta shige ɗaki ta ja ƙyaure, daga ita sai allura da zare. Shekara guda ƙafarta ba ta taka ciyawa ba. Sai ga ciwon kai, ga faɗa da kowa, tuwo kuwa ta tuƙa ta ture. Har idonta ya fara dushewa, ta tsorata kada sana'a ta gagare ta.

Gizo ya jiyo ƙanshin tuwon nan, ya naɗa rawani ya yi sallama.

"Shannu Tabawa. Maganinki na wajen Kurciya, gindin tsamiyar bayan gari. Je ki, ni zan tsare miki ɗaki."

Ta tafi tana tsaki. Kurciya ta ce, "Magani? Ba ni da shi. Amma zauna, kina haki kamar tsohuwar akuya." Ta zauna, iska na kaɗa ta, sai barci har la'asar. A gida Gizo ya suɗe tukunya.

Kashegari ya tura ta rafi wajen Kwaɗo. Kwaɗo ya ce, "Tsoma ƙafa, ki saki fuskar nan, kina firgita mini yara." Ƙananan kifaye suka yi ta yi mata cakulkuli a yatsu, dariya ta kuɓuce mata. Gizo ya lashe miya.

Rana ta uku sai kan dutse wajen Ƙadangare. Duk abin da ta tambaya, gyaɗa kai kawai yake. Ta gaji, ta tsaya kallon gonakin gero har iyakar ganinta. Ido ya washe, kai ya sake, ta sauko da yunwa kamar kura.

Ta tarar da Gizo kansa a cikin tukunya.

"Malam, me kake nema?"

"Dubawa nake ko an yi miki shammu!"

"Ai na warke, Allah ya saka."

Da safe ta ɗauki tabarma da allura da tukunyarta, ta nufi gindin tsamiya. Gizo ya zo ya tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo, ya dafe kai.

"Wayyo! Na warkar da ita, na jawo wa kaina yunwa!"

To kun ji. Wanda ya kulle kansa a ɗaki, ya kulle lafiyarsa a waje. Ku riƙa fita kuna shan iska.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.